Hunturu Ya Kama: A Hau Dutse, A Dubi Ƙasa

 

Hunturu dai ya kama, ba sai an faɗa wa kowa ba. Leɓe ya tsage, dunduniya ta yi kaushi, yara duk sun yi furu-furu. Mai shayi na ciniki tun kafin a sallame sallar asuba, tsofaffi sun jawo kasko kusa da gado, alwalar asuba kuwa ta zama gwajin imani. A irin wannan lokaci abin da rai ke so shi ne bargo da koko mai zafi. To ni yau da akasin haka na zo muku. Cewa zan yi a fito, a ɗaura takalmi, a hau dutse. Ina magana ne musamman da mutanen Dutsin-Ma da Kurfi da garuruwan da ke kewaye da su, waɗanda Allah ya ajiye wa duwatsu a ƙofar gida da ruwa a bayan gari, amma da yawansu sun yi furfura ba su taɓa tsayawa a bisa sun dubi garinsu ba.

Na san abin da wani zai ce daga inda yake zaune: "Malam, me na ajiye a can? Akuyata ce ta ɓace?" Tambayar ba ta banza ba ce. A wurinmu tafiya sai da dalili: kasuwa, gona, gaisuwar mutuwa, ziyarar dangi. Wanda aka gani yana tafe ba kaya ba saƙo, ko a ce yawon banza yake, ko a fara tambayar ko lafiyarsa ƙalau. Amma ku dubi alhazanmu. Dattijon da ko matakalar bene ba ya son hawa a gida, idan ya je Makka sai ka gan shi yana haki a jikin Jabalun Nur, wai sai ya ga kogon Hira da idonsa. Ya dawo ya shekara yana ba da labari. Ashe ƙafar tana iyawa. Malamai kuma sun sha karantar da mu cewa duban halittar Ubangiji da tunani a kanta ibada ne, kuma duwatsu na cikin abubuwan da aka ja hankalinmu mu duba. Ba a ce sai na Makka kaɗai ba.

Me ya sa na zaɓi hunturu? Da damina dutse santsi gare shi, gansakuka ta lulluɓe shi, ciyawa ta rufe hanya, ba ka ganin inda kake sa ƙafa, ga macizai a cikin ganiyarsu, ga kuma tsawa, wadda ba ta wasa da wanda ya tsaya a wuri mai bisa. Da bazara kuwa, kafin hantsi ya dubi ludayi falalen dutse ya ɗauki zafin da tafin hannu ba zai iya dafa shi ba. Tsakanin watan Nuwamba da Janairu ne komai ke daidaita. An gama girbi, gonaki sun buɗe, ba wanda zai ce ka tattake masa shuka. Ciyawa ta bushe ta kwanta. Dutse ya yi sanyi, yana kama takalmi. Ruwan da damina ta tara a madatsai bai riga ya ja da baya sosai ba. Kana hawa kana zufa, iska tana busar da ita.

Sai dai akwai hazo, kuma ba zan ɓoye muku ba, shi ne mai yanke hukunci. Wata rana ka hau ka iske duniya ta yi fari fat, ko hasumiyar masallacin da ke gindin dutsen da ƙyar ka hango ta, rana kanta ta dushe har kana iya kallonta ido da ido. Wannan ƙura ba ta unguwarmu ba ce. Yawancinta daga arewacin Chadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, inda a zamanin da can tafkin Chadi ya malala kafin ya janye ya bar busasshiyar laka. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta, ta bi ta kanmu, ta wuce har teku, wata ma har ta tsallaka ta sauka a dazuzzukan Kudancin Amurka. To hazon nan zuwa yake yana tafiya. Ya yi kwanaki ya lafa, gari ya washe. Ranar da ka tashi ka ga taurarin asuba tar-tar, ka ga inuwarka ta fito sosai da fitowar rana, to ranar hawa ce.

Bari mu fara da dutsen da ke cikin garin Dutsin-Ma, wanda tsofaffi ke cewa wani maharbi mai suna Ma ne ya fara zama a kansa kafin gari ya kafu a gindinsa. Daga nesa ka ce sumul yake. Sai ka matso ka ga ashe duk jikinsa tsaguwa ce da ɓawo. Zafin rana da sanyin dare, da ɗan ruwan da ke shiga cikin tsaga, su ne ke ɓare shi sannu a hankali, falle bayan falle, shi ya sa irin waɗannan duwatsu ke da ƙoƙon kai a zagaye. Masana sun ƙiyasta cewa irin wannan dutse na ƙasar Hausa ya daskare ne a can ƙarƙashin ƙasa wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, ƙasar da ta rufe shi ta zaizaye, shi ya rage a tsaye. Danginsa ne ka gani a Kwatarkwashi, da Kufena ta Zariya, da kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau.

Ka lura da abin da ke ƙarƙashin ƙafarka yayin da kake hawa. A ƙasa-ƙasa, inda falale ya shimfiɗu, nan mata ke shanya: ga barkono ja wur, ga kuɓewa yankakkiya, ga tsabar gero, an ɗora ƙananan duwatsu a gefen buhu kada iska ta kwashe, an bar yarinya da 'yar tsumagiya tana korar awaki. Ka gaishe ta ka ratsa ta gefe, kada ka taka. Gaba kaɗan sai tsaga, inda ƙasa ta ɗan taru, itace ya sa saiwa ya riƙe. Ka ga ɓaure ko cediya ta fito daga inda ba ka ga ko cokali ɗaya na ƙasa ba, saiwarta ta bi jikin dutse tana neman laima. Ƙadangaru sun fito shan hantsi, sanyi ya kashe musu jiki, sai ka kusa taka su kafin su motsa. A kan duwatsu da dama na ƙasarmu za ka ci karo da wasu ramuka masu santsi, dogaye kaɗan, a jere. Ba ruwa ne ya yi su ba, hannu ne. Wurin niƙa ne na mutanen da suka rayu a nan kafin kakanninmu su san injin niƙa. Idan ka gan su ka durƙusa ka shafa. Wata mata ta yi shekara da shekaru a durƙushe daidai inda kake.

Wajen tsakiyar hawa ne numfashi ke fara gardama, cinya ta yi nauyi, iska ta fara shiga kunne. A nan ake gane wanda ya saba da wanda ya zo gwaji. Ɗan kiwo mai silifas zai wuce ka a guje yana waiwayenka, yana mamakin abin da ya kawo babban mutum nan. Kada ka biye masa. Ka tsaya, ka juya, ka huta. Sa'an nan ka ƙarasa.

A bisa, abin da zai fara kama ka shi ne sauti. Gari duka yana tasowa sama: kukan jaki, injin markaɗe, karatun almajirai, hon ɗin 'yan acaɓa, amon guduma daga maƙera, kowanne daban kana jin sa. Sa'an nan ido ya fara aiki. Ga tsohon gari a cunkushe, lunguna sun nannaɗe, rufin ƙasa da na kwano sun cakuɗe. Ga unguwar Yandaka, hakimin garin, wanda yake ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Katsina. Ga sababbin unguwanni sun miƙe a bakin titi, dogayen gidajen haya na ɗalibai, waɗanda suka tsiro tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta zuwa. Idan Laraba ce, ka ga hanyoyi duk sun ɗauko kaya sun nufo kasuwa. Ga ɗan dam ɗin gari yana ƙyalli. Wanda ya tsaya nan minti goma zai fahimci inda garin ke faɗaɗa, da inda ruwa ke bi idan an yi sama, da gidajen da aka gina a kan hanyarsa, fiye da wanda ya wuni yana sauraron bayani a ofis. Gani ya kori ji.

Ka ɗaga ido ka wuce gari. Gonaki sun yi fari, an kwashe kara, sai kututture. A cikin wannan fari za ka ga ɗigo-ɗigon kore. Yawancinsu gawo ne, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya kuma yi ganye da rani lokacin da dabba ba ta da abin ci. Kuka ta tuɓe, ta tsaya tsirara da 'ya'yanta a rataye. Can ga jerin darbejiya a bakin hanya, can ga mangwaro a fadama. Amma ka ƙirga tazarar da ke tsakanin itace da itace, sa'an nan ka tambayi duk wani dattijo da ya haura sittin yadda wurin yake yana yaro. Daga ƙasa ba a ganin wannan asara, domin kowa gonarsa kaɗai yake gani, kuma kowa itace ɗaya ya sare. Daga bisa ne ake ganin jimla.

Yanzu mu sauka mu nufi kudu, mu je dam ɗin Zobe. Shi ba a gindin dutsen gari yake ba, sai an ɗan taɓa tafiya. Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi mamakin cewa akwai ruwa mai wannan faɗi a tsakiyar Jihar Katsina. An datse kogin Karaduwa ne da bangon ƙasa mai tsawon mita 2,750 da bisan mita 19, aka kammala a 1983, zamanin mulkin Shehu Shagari, ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. An tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 179, ya shayar da birnin Katsina da garuruwan da ke hanya, ya kuma ba da ruwan noman rani ga kadada dubbai.

Ka je da sassafe ka sami wuri mai tudu ka tsaya. Da sanyin safiya wani farin tururi ke kwanciya a kan ruwan, domin ruwan ya fi iska ɗumi. Daga cikinsa kwale-kwale ke fitowa ɗaya bayan ɗaya, masunta sun naɗe kai da rawani har hanci, suna janye kallin da suka shimfiɗa tun jiya. Ka ga mutum tsaye a bakin jirgi ya karkata, ya watsa birgi ta buɗe ta faɗa ruwa. A gaɓa mata da 'yan sari na jira da robobi, ana zube karfasa da tarwaɗa, ana ciniki da hannu a cikin hammata saboda sanyi. Balbelu sun yi layi a bakin laka. Akwai kuma wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ba ka ganinsu da damina. Baƙi ne, daga Turai suke, sun tsallako hamada sun gudo wa sanyin can, su yi hunturu tare da mu su koma. Shamuwa kuwa, wadda muka fi sani, ta riga ta yi kudu, sai ruwa ya kusa.

Kyau kam akwai shi. Amma ni duk lokacin da na tsaya a wurin, kyan ba ya hana ni jin wani abu a maƙogwaro. Ka dubi yawan ruwan, sa'an nan ka juya ka dubi ƙasar da ke bayansa. Kore ya tsaya a ɗan siririn zobe a bakin ruwa, inda manoma suka sa injin ban-ruwa da kuɗin aljihunsu suna fitar da tumatir da albasa da tattasai da alkama. Bayan wannan sai fari, har iyakar ganinka. An gama dam a 1983, amma sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe aikin ruwan sha na Zobe. Shekara 38. Yaron da aka haifa a shekarar da aka rufe bakin kogin, sai da ya kai ga aurar da 'ya kafin a yi wannan buki. Duk tsawon wannan lokaci ruwan na kwance, rana na shan rabonta, yashi da laka na gangarowa daga gonakin da aka sare wa itatuwa suna cike cikinsa, 'yan ga-ruwa kuma na tura kura a cikin gari. Da a ce duk wanda ya taɓa riƙe muƙami a jihar nan an taɓa tsayar da shi a kan wannan tudu da rani, ya ga ruwa a hannun dama, ƙishirwa a hannun hagu, wataƙila da kunya ta yi aikin da takarda ba ta yi ba.

Mu juya arewa, mu kama hanyar Katsina, mu tsaya a Kurfi, garin hakimi mai sarautar Maraɗin Katsina. Duwatsun nan wani iri ne: curi-curi, wani a kan wani, wani ya tsaya a kan ɗan ƙaramin gindi har ka rantse turawa ɗaya zai gangaro, alhali ya fi kakan kakanka daɗewa a haka. Ga loko, ga kogo, ga matsatsin da sai mutum ɗaya ke iya ratsawa. Wanda ya shiga tsakaninsu zai gane dalilin da ya sa mutanen da can suka zaɓi wurin. A ƙarni na 19, bayan jihadi, wannan yanki bakin daga ne. Katsinawan da suka koma Maraɗi da abokansu Gobirawa suna kawo hari, kuma ta wannan ɓangare na yamma suke ɓullowa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya bi ta Kurfi a watan Maris na 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda mutanen garin suka haɗa ganuwa da duwatsu suka kare kansu, har ya zana tsarin a littafin tafiyarsa. Yau ɗalibi a Jamus zai iya buɗe littafi ya ga wannan zane. Yaro ɗan Kurfi kuwa, anya an taɓa kai shi ya ga inda ganuwar ta bi?

Wannan ya kawo mu ga maganar da na san tana ran kowa tun da na fara. Wani na cewa: "Malam, kana zancen yawon dutse, ka manta halin da ake ciki?" Ban manta ba. Daga kan kowane dutse a yankin nan, idan ka fuskanci yamma, wajen Safana da Batsari, ka san abin da ke bayan wannan hazo: dajin Rugu. Mun ga shekarun da noma ya gagara a gonakin nesa, aka kwashe shanu, aka tashi ƙauyuka. Mun ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Mun ga watan Oktoba na 2023, da aka shiga gidan haya aka ɗauki ɗalibai mata biyar na jami'a. Wanda ya ce a manta da wannan a ɗauki jaka a shiga daji don shaƙatawa, ba masoyinku ba ne.

Don haka a rarrabe. Akwai dutsen da ke cikin gari ko a gefensa, wanda mata ke shanya a kai, yara ke kiwo a gindinsa. Akwai kuma na cikin daji, wanda yanzu ba na kowa ba ne sai wanda ya fi ƙarfi. Na farkon nake magana a kai. Na biyun a bar shi tukuna, sai ranar da mutanen wurin da kansu suka ce an samu lafiya. Ko zuwa Zobe, kada baƙo ya kama hanya sai ya tambayi 'yan gari yadda ake ciki a wannan mako, ba a watan jiya ba. Amma na farkon nan, kada mu sallama shi. Tsoro ya riga ya karɓe mana gonakin nesa, ya karɓe tafiyar dare, ya karɓe wasu kasuwanni. Abin takaici ne a ce duwatsun da kakanni suka fake a cikinsu suka tsira, jikoki su koma ko kallonsu ba sa yi. Wurin da mutanen kirki suka daina takawa, ba ya zama babu kowa. Wani ne zai maye gurbinsu, ko da 'yan shaye-shaye ne.

A wasu ƙasashe wannan abu da muke ganin wasa ne, dukiya ce. A arewa maso yammacin Ingila akwai wani yanki na tafkuna da tsaunuka da suke kira Lake District. Tsauninsu mafi tsawo a duk Ingila yana can, bisansa mita 978 ne kacal. A tsakiyar sanyinsu, ga ƙanƙara, ga rana mai faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, mutane ke sa manyan riguna su hau don kawai su hango tafki daga sama. Miliyoyin baƙi ke zuwa a shekara, ƙauyuka na ci daga masauki da abinci da ja-gora. An mai da yankin gandun ƙasa a 1951, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2017. Abin da ya fi burge ni ba kuɗin ba ne. Wannan dama ta hawa tsaunuka ba kyauta aka ba talakansu ba. A 1932 ma'aikatan masana'antu daga Manchesta da kewaye suka yi gangami suka hau wani tsauni mai suna Kinder Scout, wanda masu ƙasa suka killace don farautarsu, aka kama wasu aka ɗaure. Sai a shekarar 2000 aka yi dokar da ta buɗe irin waɗannan wurare ga kowa. Su sai da suka sha ɗauri kafin su samu. Mu namu a buɗe yake tun fil azal, ba shinge ba mai gadi.

Sai dai ba lalle ya dawwama a haka ba. Ku saurara da kyau a gefen garuruwanmu, za ku ji ƙarar guduma. Masu fasa dutse ne. A tara itace ko tsofaffin tayoyi a kan falale a cinna wuta, dutse ya yi zafi ya tsage, a bi shi da guduma, mata da yara su zauna suna farfasawa, tifa ta zo ta kwashe. Ban zo in zagi kowa ba. Abinci suke nema, kuma gidan da nake kwana a ciki da tsakuwar aka zuba harsashinsa. Amma ba kowane dutse ne na fasawa ba. Itace idan an sare, a dasa wani, jika ya sha inuwa. Dutsen da aka fasa ya tafi ke nan. Wanda ke da ramukan niƙa, ko ragowar ganuwa, ko kogon da ke da labari, ko wanda gari ya ci sunansa, ya kamata masu unguwanni da dagatai da hakimai su zauna da ƙaramar hukuma a ware shi, a nuna wa masu fasawa inda za su yi aikinsu. Ga jami'a a gari, da malaman tarihi da na labarin ƙasa, da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a kai. Su bi duwatsun nan ɗaya-ɗaya, su rubuta sunayensu, su ɗauki maganar tsofaffi tun suna raye. Wannan aiki bai kai kuɗin bukin yaye ɗalibai guda ba.

Ga mai niyyar hawa, 'yan shawarwari. Kada ka tafi kai kaɗai. Ku zama uku ko huɗu, da ɗan unguwar da ya san hanya, kuma a gida a san inda kuka nufa. Ku fita bayan gari ya waye sosai, ku sauko kafin azahar, kada magariba ta same ku a bisa. Takalmi mai kama ƙasa, ba silifas ba, ba kuma takalmin zuwa ɗaurin aure ba. Ku riƙi ruwa ko da ba ku jin ƙishi, domin iskar hunturu na tsotse jiki ba a sani ba. Kada a zura hannu cikin tsaga. Sanyi ya sa maciji lafewa ne, bai kashe shi ba. Idan kun ji gunjin zuma a kogo, ku canja hanya ba tare da hayaniya ba. Saukowa ta fi hawa haɗari, a nan gwiwa ke rawa, a nan ake zamewa, don haka a bi a hankali, a bar ɗaukar hoto a bakin gangare. Mai asma ko ciwon ƙirji ya bar ranar hazo ta wuce, mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likitansa. A bakin dam kuma a tsare yara: ruwan da ya yi lumui a sama yana da rami a ƙasa, ga kuma tsargiya. Ledar ruwa da kwalbar lemo, yadda kuka hau da su ku sauko da su. Masu rubuta sunansu da fenti a jikin dutse kuwa, don Allah a bari. Ba wanda ya tambaya.

Likitoci na ta faɗa mana cewa babban mutum na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, ga ciwon suga da hawan jini sun shigo har ƙauye. Wasu na biyan kuɗi a birni su hau injin da ke kwaikwayon hawan tudu a cikin ɗaki. Mu ga na gaske nan a bayan gida.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantun firamare da na sakandare da malaman Islamiyya a Dutsin-Ma da Kurfi: kafin sanyin nan ya wuce, ku zaɓi Asabar ɗaya da gari ya washe, ku nemi izinin iyaye, ku sanar da mai unguwa da jami'an tsaro, ku ɗauki aji ɗaya ku hau da su dutsen da ke kusa da ku. Ku gayyaci dattijo ɗaya da ya san sunayen wurare ya nuna musu da sandarsa. 'Yan mata ma a tafi da su, da malamansu mata. Iyaye maza, wanda ƙafarsa ke da sauran ƙarfi ya bi su. Hunturu ba ya jira. Da Fabrairu ta raba, zafi ya fara leƙowa, sai kuma baɗi idan Allah ya kai mu.

A nan zan dasa aya. Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi. A ji ɗumi da hankali, a kashe kasko kafin a kwanta.